Tsohuwar Land Cruiser: a cire balatin ko a bar shi?

"Assalamu alaikum Kawu. Daga Makka nake rubuto maka. Ina da Land Cruiser ƙirar 1981 mai injin 2F, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ita nake kai wa tumakina ruwa da abinci can bayan gari wajen Jumum, wani lokaci kuma in hau Ɗa'if. Cikin wata shida sau uku ina canza balatin. Da safe sai na daɗe ina kik kafin ta kama, in kuma ta yi zafi a go-silo sai ta mutu, sai ta huce take tashi. Wani abokina ya ce in cire balatin ɗin gaba ɗaya in sa na ilaktironik in huta. Wani kuma ya ce kul, wai ranar da abin ya mutu a daji babu mai tashinsa. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. In na fahimce ka, tambaya biyu ce ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko, ko ya dace a raba wannan injin da balatin, wanda a gida muke ce wa kwantak. Ta biyu kuwa, wadda ba ka yi ta a fili ba, ita ce ko yin haka zai kawar da ciwon da motar take fama da shi yanzu. Amsar ta farko e ce, na yi wa motoci da yawa irin taka a warshata, wato garejina, a nan Jidda kuma masu su sun ji daɗi. Ta biyun ce nake so mu zauna a kanta, domin balatin mai lafiya a cikin dilko (distiributa, mai raba wa fulogi wuta) mai lafiya ba ya ƙonewa duk wata biyu. Ruwa ba ya tsami banza. In ba a gano mai cinye shi ba, abin da ya ci balatin na 'yan riyal shi zai ci sabuwar na'urar da ta ninka shi kuɗi sau da yawa.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don sauran maganar ta zauna. Batir ɗinka bolt 12 ne, fulogi kuma yana neman dubban bolt, a ce 15,000 zuwa 20,000, kafin wuta ta tsallaka bakinsa. Kwayil ne ke yin wannan ninkin. Akwai naɗin waya biyu a cikinsa, mai kauri da siriri. Muddin balatin yana rufe, wuta tana bi ta mai kaurin tana tara ƙarfin maganaɗisu. Da zarar ƙullin da ke jikin sandar dilko ya ture shi ya buɗe, sai ƙarfin nan ya rushe farat ɗaya, siririn naɗin ya harba babbar wuta, rota ta miƙa ta ga fulogin da layi ya zo kansa. Kwandansa kuma aikinta ta shanye tartsatsin da zai tashi a bakin balatin lokacin buɗewa. Wani Ba'amurke ne, Charles Kettering, ya tsara wannan dabara, aka fara sa ta a Cadillac a 1910. Sunan kamfaninsa Delco, kuma daga nan ne mutanen ƙasar nan suka samo kalmar dilko da kowa ke faɗi a sana'iyya, unguwar makanikai, ba tare da ya san asalinta ba.

To lissafa wahalar da wannan ɗan ƙarfen yake sha. Injinka silinda shida ne, kowane juyi ɗaya fulogi uku ke kamawa. In kana kan hanya injin yana juyi 3,000 a minti, balatin yana buɗewa ya rufe sau 9,000 a minti ɗaya, wato sau 150 a daƙiƙa, kuma kowane buɗewa yana yanke wuta ta wajen amfiya 4. Dole bakinsa ya ci. Sannan ɗan dunduniyar da ke gogar ƙullin yana siɗewa a hankali, tazarar tana raguwa daga milimita 0.45 da Toyota ta ce, tayimin yana ja baya ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Shi ya sa motar balatin take fita daga warsha garau, bayan 'yan watanni ka ji ta yi nauyi tana shan mai. Kamfanonin mota da kansu sun gaji da wannan tun da daɗewa. Chrysler ta mai da duk motocinta marasa balatin a 1973, General Motors ta bi da nata tsarin HEI a 1975, Toyota ma 2F ɗin da ta kai Amurka daga 1978 babu balatin a cikinsa. Mu nan aka ci gaba da kawo mana masu balatin, don dokar hayaƙi ba ta matsa ba, kuma kowane makanike a ƙauye ya iya shi.

Abin da na ilaktironik yake yi bai wuce maye gurbin wannan makunnin ba. Maimakon ƙarfe biyu su riƙa haɗuwa suna rabuwa, sai wani ɗan ido da ba ya taɓa komai ya lura da juyin sandar, tiransisto kuma ta yanke wutar. Babu gogayya, babu tartsatsi, inda ka saita tayimin nan za ka same shi bayan shekara. Iyakarsa ke nan. Ba ya ƙara wa injin doki, kuma duk wanda ya ce maka man da kake sha zai ragu rabi yana son kuɗinka ne. Ribar da za ka gani ita ce tashi da wuri da safe, silo mai daidaito, da rabuwa da buɗe hular dilko kowane lokaci.

Me ke cinye balatin ɗinka?

Kafin ka sayi komai, ɗauki mita ka yi awo huɗu. Ba za su ci maka rabin awa ba.

Na farko, resista. A yawancin motocin wancan zamani akwai wani farin tangaran a maƙale kusa da kwayil. Aikinsa ya rage wutar da ke shiga kwayil zuwa wajen bolt 7 ko 9 lokacin da injin ke tafiya, sai a lokacin kik kaɗai ake tsallake shi don a sami cikakkiyar wuta. Abin da na fi gani a motocin da suka wuce ta hannaye da yawa shi ne tangaran ɗin ya taɓa fashewa, wani ya haɗe wayoyin biyu ya naɗe da salatif ya ce an gama. Motar za ta tashi kuwa, har ma ta fi da saurin kamawa, amma kwayil mai om 1.5 yanzu yana jan kusan amfiya 9 maimakon 4 da ɗoriya. Bakin balatin sai ya koma shuɗi-shuɗi kamar an gasa shi, kwayil kuma ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Wannan kaɗai zai iya bayyana ciwonka biyu, da ƙonewar da mutuwar in ta yi zafi. In da za a ce in yi hasashe daga nan, a nan zan fara sa yatsa.

Na biyu, cajin dinamo. Injin na tafiya, ka auna kan batir. Tsakanin bolt 13.8 da 14.5 lafiya ne. In ya haura 15, yana dafa duk abin da ke motar. Na uku kwandansa. Sababbin da ke kasuwa yanzu da yawansu ba su da inganci, har na kan bar tsohuwar da ta zo da mota in mayar da sabuwar kwalinta. In ka ga gefe ɗaya na balatin ya yi tsini, ɗayan ya yi rami, tuhumi kwandansa. Na huɗu, kama sandar dilko da yatsu ka girgiza ta gefe da gefe. In tana lilo har kana ganin tazarar balatin na canzawa, bushin ya mutu. Duba kuma ko baƙin mai yana hawowa ta nan, domin ɗigo ɗaya a bakin balatin ya isa ya ƙona shi.

Mutuwar da take yi a go-silo kuwa, kada ka yanke hukunci cewa wuta ce. Zafin Makka da ke haura digiri 45 yana tafasa fetur a cikin bututu, musamman inda ya ratsa kusa da salansa. Ranar da ta sake yi maka, kada ka jira ta huce. Zare babbar wayar tsakiya daga hular dilko, ka riƙe ta da tsumma busasshe kamar santimita ɗaya daga jikin injin, wani ya yi kik. In wuta shuɗiya tana tsalle tana ƙara tas-tas, to ba nan gizo ke saƙa ba. Leƙa ɗan gilashin da ke gaban kafireta, ya kamata ka ga fetur a tsakiyarsa. In ya ƙafe, matsalarka ta mai ce, kuma ko dilkon zinare ka sa ba za ta daina ba.

Hanyoyin da ke gabanka

Akwai tsohuwar hanya ta barin balatin a wurinsa a ƙara masa akwatin tiransisto, ya zama ɗan aike kawai, wutar da ke bi ta kansa kaɗan ce. Bakinsa zai daɗe, amma dunduniyar tana nan tana siɗewa. Ba na ba ka shawarar ta.

Hanya ta biyu ita ce wadda abokinka yake nufi. A cire balatin da kwandansa, a ɗaura wani ɗan mojul da bai kai akwatin ashana ba a gurbinsu, a zura zobe mai maganaɗisu shida a kan ƙullin, ƙarƙashin rota. Pertronix Ignitor shi ne wanda aka fi sani, akwai kuma masu kwaikwayonsa birjik. Wasu irin suna aiki da haske maimakon maganaɗisu, irin su Lumenition, amma ga mai bin hanyar garken tumaki na fi son na maganaɗisu, ƙura ba ta dame shi ba. Kyawun wannan hanya shi ne dilkonka na asali yana nan, daga waje ba wanda zai san an taɓa shi, kuma komawa balatin aikin minti goma sha biyar ne. Sai dai a sayi wanda aka yi wa dilkon kansa. Karanta lambar da ke jikin dilkon, kada ka ce wa mai shago "na Land Cruiser" kawai, domin dilkon da aka kawo nan da wanda aka kai Amurka ba ɗaya ba ne.

Ta uku, a sauya dilkon ɗungurungum, ko dai da na Toyota marar balatin tare da kwayil da igniter ɗinsa (akwatin tiransisto mai yanke wuta) in an dace da shi a tashlihi, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ko da sabo irin na HEI mai kwayil a ka. Wannan ita ce mafita in bushin ɗinka ya tafi. Amma a 2F akwai wani tarko da nake so ka riƙe da kyau: gindin sandar dilko shi ke juya famfon baƙin mai. In harshen bai faɗa cikin tsagarsa ba, dilkon zai tsaya sama da wurinsa da ɗan kaɗan, giyar ta kama, injin ya tashi lafiya lau, alhali babu ɗigon mai da ke zagayawa. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren ina saurayi. Na ɗaure, na tayar, ina murmushi ina jin daɗin silo, sai maigidana ya leƙa dashbod ya ga allurar mai a kwance, ya miƙa hannu ya kashe makulli bai ce uffan ba. Ya kamo hannuna ya sa farcena a ƙarƙashin wuyan dilkon, farcen ya shige. Da an ƙara minti biyu da injin mutane ya tafi. Tun ran nan ba na tayar da 2F bayan na zare dilko sai idona na kan allurar.

Ga motarka, in sandar ba ta lilo, hanya ta biyu nake zaɓa.

Kwayil shi ne alƙalin

Mafi yawan mojul da aka kawo mini a ƙone, ba su suka kashe kansu ba. Mojul mai sauƙi ba shi da wayon rage wuta, duk abin da kwayil ya ja ta cikinsa yake bi. Shi ya sa masu Ignitor na farko suka ce ga injin silinda huɗu ko shida a sami om 3 a layin, ga mai takwas om 1.5. Lissafin a fili yake: bolt 14 a kan om 3 bai kai amfiya 5 ba, a kan om 1.5 ya haura 9, in kuma wani ya ɗauko maka kwayil na motar zamani mai om 0.6 a tashlihi don "ya fi wuta", ka haura amfiya 20. Ba zai kai ka Jumum ba.

Saboda haka zaɓi biyu gare ka. Ko ka bar kwayil mai om 1.5 tare da resistansa mai lafiya, ko ka sayi kwayil mai om 3 ka cire resista. Kada ka yarda da rubutun kwali. Cire wayoyin, ɗora mita a kan ƙananan kusoshin biyu ka karanta da idonka, ka kuma haɗa bakin wayoyin mitar tukuna ka ga nawa suke ci su kaɗai, ka debe. In ka bar resista, to jar wayar mojul ba a kan kwayil za ta zauna ba, sai ta ɗauko wuta daga gaban resista, ɓangaren da ke zuwa daga makulli, inda bolt 12 yake cikakke. In ka ba ta ragaggiyar wuta, motar za ta riƙa tashi da safe, ta riƙa shaƙewa in ta yi zafi ko ka kunna fitilu, ka koma gidan jiya. Baƙar wayar kuma tana zuwa kan kusar da ke da alamar debewa. In aka juya su, ko na ƙiftawar ido ne, an gama da shi, saboda haka cire kan batir kafin ka fara.

Akwai wata 'yar waya saƙaƙƙiya a cikin dilko da ke haɗa farantin da balatin ke zaune da jikin dilkon. Ita ce ta ƙasa, ardi kamar yadda ake cewa a nan. Yara suna yawan cire ta tare da balatin su jefar don suna ganin aikinta ya ƙare. Bar ta, in ta tsufa ma ka sabunta. Ka kuma bar wa wayoyin mojul ɗan sassauci a ciki, domin farantin yana motsi, amma kada su kai inda zobe zai goge su. Tazarar da ke tsakanin zobe da mojul, in irin mai saiti ne, da ma'aunin roba da ke cikin kwalin ake yin ta.

Tunda hular tana buɗe, duba abin da mojul ba zai gyara maka ba. A ƙarƙashin farantin akwai ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin, su ke tura tayimin gaba in injin ya ɗau gudu. Murɗa rota da hannu, ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta. In ta ƙage, sai an kwance an wanke. Cire rota ka ɗiga mai ɗigo biyu a kan audugar da ke tsakiyar sandar. Sannan tsotsi bututun da ke zuwa ɗan gwangwanin gefen dilko, ka ga farantin ya motsa, ka toshe da harshe ka ga ya tsaya. In iska kake ja kawai, fatar ciki ta yage. Hula mai tsaga ko layin baƙi a ciki, a canza. Mu a Jidda danshin teku ne ke tona asirin irin wannan hular, ku a Makka takan daɗe tana ɓoye laifinta.

Bayan an ɗaura, tayimin dole a sake shi, domin inda mojul ke yanke wuta ba daidai yake da inda balatin yake buɗewa ba. Saitin kunne da ake yi a bakin titi ba ya wadatarwa, a nemi fitilar tayimin. Injin ya yi ɗumi, silo wajen 650, an cire bututun gwangwanin an toshe. A 2F alamar tana jikin fulawil, ana leƙa ta ta wata 'yar taga a bayan injin: layi shi ne saman fistin, ɗan ƙwallon ƙarfen kuma shi ne digiri 7 kafin sama, shi ake so ya tsaya a kan tsinken. Goge shi ka ɗiga masa farin fenti don ya fito. In ka cire wayoyin fulogi, jerin shi ne 1-5-3-6-2-4. Bakin fulogi 0.8 ne, kana iya kai shi 0.9, kada ka wuce haka da tsohuwar hula. Daga nan ɗauki hanyar Hada mai hawa Ɗa'if da kaya a baya. In ka ji ƙyal-ƙyal kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka totur a gindin hawan, ja tayimin baya digiri biyu, musamman in fetur mai lamba 91 kake sha. In kuma ka isa saman Ɗa'if ka ji ƙarfinta ya ragu, wannan iska ce ta yi ƙaranci, kada ka ɗora wa dilko.

Maganar abokinka na biyu

Shi ma gaskiya ya faɗa. Balatin yana ciwo kafin ya mutu, zai yi ta ba ka alama mako da makonni, kuma ko a tsakiyar sahara ka goge bakinsa da 'yar takardar yashi, ka saita tazara da bangon kwalin sigari, zai kai ka gida. Mojul ba ya sallama. Yanzu yana aiki, yanzu babu, kuma ba abin da za ka buɗe ka gyara.

Sai dai abubuwan da ke kashe shi sanannu ne. Babba a cikinsu barin makulli a kunne injin ba ya tafiya. Wata rana an kira la'asar, muka ja ƙofar warsha muka tafi masallaci, ashe yaron da ke gwada fitilun wata tsohuwar Hilux ya bar makullin a buɗe. Muka dawo muka tarar da wari, kwayil yana tsiyayar mai, mojul ɗin da na ɗaura da hantsi ya kumbura. Daga aljihuna na biya. Irin Ignitor II yana kashe kansa in injin ya tsaya, kuma in za ka iya ƙarin kuɗin, don wannan kaɗai ya cancanta, sai dai ba ya shiri da wayoyin fulogi masu zallar jan ƙarfe a ciki. Sauran masu kashe shi su ne cire kan batir injin na tafiya don a "gwada dinamo", jona batir da babbar mota mai bolt 24, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Dukkansu abubuwa ne da balatin yake haƙuri da su, shi ya sa mutane suka saba.

Abin da nake yi wa duk wanda na sauya wa shi ne in sa sabon balatin, da kwandansar da na tabbatar tana aiki, da sukurorinsu, da 'yar wayarsu, da ma'aunin 0.45 a cikin gwangwanin madara mai murfi, in ce ya ajiye a akwatin dashbod. Kafin a cire balatin kuma ina karta alama a wuyan dilko da jikin injin, don a san inda za a mayar da shi ba tare da fitila ba. Kai ma ka sa makanikin da zai yi maka aikin ya tsaya a kanka ka mayar da balatin da hannunka sau ɗaya a cikin warsha, a inuwa, kafin ranar da za ka yi shi a rana tumaki suna jiran ruwa.

Motar ba ta gabana, ɗana, kuma ciwon mota irin wannan da hannu ake gane shi. Yi awon nan ka aiko mini da lambobi uku: om nawa kwayil ya nuna, bolt nawa ke kan kusarsa mai alamar tarawa in makulli na kunne balatin na rufe, da bolt nawa batir ke nunawa injin na tafiya. Ka haɗa da hoton balatin na ƙarshe da ka cire, a buɗe, yadda zan ga bakinsa biyu.